Ƙwai Biyu a Gidan Mma Fuseina

"Rufe taga, Nasira! Maza kunna turaren!"

Muftahu na tsugune gaban ƙaramin murhun lantarki yana kaɗa ƙwai biyu da albasa, yana ta murmushi shi kaɗai. Sati shida ke nan yana soya wa matarsa ƙwai kowace safiya, mahaifiyarsa Mma Fuseina ba ta sani ba, alhali bango ɗaya ne tsakanin ɗakunansu. Da ta fita da tukunyar kokonta zuwa bakin titin unguwar Nima, sai ya hau aiki. Turaren wuta ya danne ƙamshi, ɓawon kuma ya zuba a aljihu, sai ya kai babbar kwata ya watsar.

Cikin Nasira wata shida. A asibiti an duba idonta an ce jininta ya yi ƙasa, ta riƙa cin ƙwai. Mma kuwa tun ranar da cikin ya bayyana ta kafa doka: mai ciki ba ta cin ƙwai a gidanta, don ɗan ɓarawo yake zama.

"Wata rana za a kama mu, Mufta," in ji Nasira.

"Ni? Haba cale, ni da na yi shekara biyu ina fita da yunifom, Mma ba ta gane na bar sukul ba?"

Bai rufe baki ba wuta ta ɗauke. Fanka ta tsaya, mai ya yi shiru a kasko.

"Bar shi, zan sha koko," in ji Nasira.

"Ƙwai an riga an fasa? Minti biyu, madam!"

Ya ɗauki kaskon ya fita tsakar gida, inda Mma ta bar garwashi a kurfoti, murhunta na gawayi. Ƙwai ya ce cuuu, ƙamshi ya cika gidan haya kaf. Matan gida suka leƙo. Daidai nan Mma ta shigo ɗaukar sukarin da ta manta.

"Na waye?"

"Nawa ne, Mma."

"Kai da ƙwai ke sa wa ƙuraje tun kana rarrafe? Ke Amariya, fito!"

Nasira ta fito ta durƙusa, hawaye na zuba. "Mma, ki yi haƙuri — nas ce ta ce..."

"Nas ce za ta riƙa kai masa abinci gidan yari?" Muryar Mma ta karye. "Da cikin yayanka Ramadan na ci ƙwai, uwata ta hana, na ƙi ji. Yau shekara bakwai yana ɗaure. Ni na san abin da na haɗiya! Ba zan sake renon irinsa ba. Ta tafi gidansu unguwar Madina, in ta haihu ma ta zauna can."

"Mma, abokai ne suka lalata Yaya, ba ƙwai ba..."

"Ka ƙara kalma ɗaya, ban yafe nonona ba!"

Muftahu ya ajiye kaskon. Kafin azahar, da hannunsa ya ɗora jakar Nasira a trotro, motar haya. Ta leƙo ta taga.

"Da ka bari na sha kokon."

Ya bi motar da kallo har ta ɓace.

Ya kai liman wurin Mma, ya kai kawunsa, ya kai har ƙawayen Mma na kasuwar Maamobi. Kowa ta saurare shi ta ce, "Na ji," ta koma kan kokonta. Mahaifin Nasira shi ma ya ɗau zafi, ya ce 'yarsa ba kaza ba ce da za a kora da tsintsiya, in Mma ba ta tako da ƙafarta ba, babu komawa. Muftahu ya zauna tsakanin tsofaffi biyu. Da safe ya kai wa Mma tukunya bakin titi, ta ƙi kallonsa. Da yamma ya je Madina, a tsayar da shi a ƙofa. Masu zama shagon gyaran wayarsa suka daina jin dariyarsa.

Nasira ta haifi mace, lafiyayya, jajir. Ranar suna an jera kujeru, an ajiye ta Mma a gaba, har aka shafa fatiha ba kowa a kai. Bayan an watse wata maƙwabciyar Mma ta miƙo leda, ta ce Mma ce ta aiko. Zanen goyo ne tsoho, an wanke an goge.

"Ta ce me?" in ji Muftahu.

"Ba ta ce komai ba."

Nasira ta goya jaririyar da shi, ta juya baya don kada ya ga idonta.

'Yar, Abibatu, ta shekara yanzu, tana tafiya da bango. Kakarta ba ta taɓa ɗaukarta ba, uwarta na nan Madina. Muftahu bai saki matarsa ba, bai ɗaga wa mahaifiyarsa murya ba, ɗan haƙurin nan shi ya riƙe auren har yau.

Samari, ku ji da kyau. Muftahu na da gaskiya, amma ya bi da ita ta bayan gida. Da tun farko ya riƙe hannun Mma zuwa wurin nas, ta faɗi tsoronta a ba ta amsa, wataƙila da yau 'yarsa na barci a ɗakinsa. Wayo bai taɓa warkar da ciwon uwa ba.