Ɗan Shuɗi Ya Yi Shiru

Auta yarinya ce mai yawan tunani. Ko a aji, sai ka ga ta zuba tagumi tana kallon taga. Jikinta yana kan benci, hankalinta kuwa yana can sama. Takan ga kanta tana shawagi cikin gajimare, wani tsuntsu yana gaba yana nuna mata hanya.

"Auta, sauko ƙasa mu yi lissafi," in ji Malama. Sai 'yan aji su kwashe da dariya.

Da ta ci jarrabawa, Abba ya cika alkawarin da ya yi mata na saya mata tsuntsu. Ya kai ta shagon wani dattijo mai sayar da tsuntsaye.

Kai, shagon nan! Keji a sama, keji a ƙasa, ko'ina kuka ne ke tashi. Hasken rana ya ratso ta taga, gashin tsuntsaye yana yawo a cikinsa a hankali. Auta ta tsaya baki buɗe.

Ta nuna wani babban aku mai jan bindi. "Abba, wannan nake so!"

Abba ya ji kuɗinsa, ya yi tari. "Auta, ai sai mu sayar da yayanki mu cika."

Dattijon ya yi dariya. "'Yata, wannan ma ba na yara ba ne. Yana cizo, ga rigima. Wancan kanari ne, ya iya waƙa, amma ba ya son a taɓa shi. Zo ki ga waɗannan."

Wasu ƙananan aku ne guda biyu, kowanne bai fi tafin hannunta ba. Ɗaya shuɗi, ɗaya koriya. Sun jingina da juna, koriyar tana sosa wa shuɗin kai da baki.

"Ga araha, ga son mutane," in ji dattijon. "Amma tare suka tashi. Ki ɗauke su biyun."

Abba ya ce biyun ba su fi ƙarfinsa ba. Auta ta maƙale kafaɗa.

"Shuɗin kawai nake so. In suna biyu, junansu za su so. Ni kaɗai nake so ya so."

Aka yi, aka yi, ta ƙi. Auta kuwa in ta kafe, sai haƙuri. Suna fita, koriyar ta manne a jikin keji tana ta kira.

A gida ta rataye kejin kusa da tagar ɗakinta. Ta sa masa suna Ɗan Shuɗi. Ta zuba masa tsaba, ta cika masa ruwa, ta zauna tana ba shi labarin gajimare. Tana ganin gobe zai iya kiran sunanta, jibi ya raka ta makaranta.

Amma ina! Da safe kowa ya watse. Abba ya tafi aiki, Umma ta tafi asibitin da take aiki, yara suka tafi makaranta. Ɗan Shuɗi ya wuni shi kaɗai, babu mai amsa kiransa.

Da farko ya yi ta kira. Daga baya ya yi shiru. Ya daina cin tsaba. Ya koma lungun keji, ya kumbura gashinsa, ya lumshe ido.

Wata rana Auta ta dawo ta same shi a ƙasan keji, ko sanda ba ya iya hawa. Ta ƙwala kira.

"Umma! Ɗan Shuɗi zai mutu!"

Umma ta zo ta duba shi. "Ke fa, da a ce an ɗauke ki an kai ki wani gida mai kyau, ba ni, ba Abbanki, ba yayanki. Za ki iya cin abinci?"

Auta ta fashe da kuka. Kunya da tausayi suka kama ta. Ta ruga wurin Abba.

"Abba, ka yi haƙuri, ni na raba su. Don Allah mu koma."

A hanya ba ta kalli gajimare ba ko sau ɗaya. Addu'a take yi kada a ce an sayar da koriyar.

Dattijon yana ganinsu ya miƙe. "Yauwa, 'yata! Ga ta can, na ƙi sayar da ita. Ita ma ba ta ci sosai."

Da suka iso gida, Auta ta buɗe kejin a hankali, ta sa koriyar a ciki. Koriyar ta yi ƙara ɗaya. Ɗan Shuɗi ya buɗe ido. Koriyar ta sauka kusa da shi, ta ɗauko tsaba, ta sa masa a baki. Ya haɗiye. Ta ƙara masa, ya sake haɗiyewa. Can sai ya yi wani ɗan siririn kuka.

"Ya ci! Umma, wallahi ya ci!"

Tsuntsayen ko kallonta ba su yi ba. Yayanta ya ce, "To, ga shi sun manta da ke."

Auta ta share hawaye tana murmushi. "Ba komai, Yaya. Da na zaɓe shi, abin da nake so kawai na duba. Yanzu na gane, in kana son abu, sai ka fara tambayar me shi yake buƙata."