Jaji da Zaren Damben Baba

A Dutse, a wata unguwa da ke gindin duwatsu, akwai wani yaro mai suna Jaji. Yana aji biyar a firamare. Babansa mahauci ne, kuma da ƙuruciyarsa ɗan dambe ne.

Jaji yana da aboki, sunansa Zailani. Benci ɗaya suke zama a aji, ƙoƙo ɗaya suke shan fura. Kowace Juma'a Baba yakan yanki hanta mai kyau ya ba Jaji ya kai wa Baba Albarka, mahaifin Zailani. Shi kuma ya ciko masa aljihu da dabinon gonarsa. Jaji bai taɓa tambayar dalilin hantar ba. Shi dai dabinon ne ya dame shi.

Abu ɗaya ne yake haɗa yaran nan biyu: musun dambe.

A shekarun nan aka buɗe gidan kallon bidiyo a bayan tasha. Ranar Asabar da hantsi ake sa kaset ɗin damben boksin na manya masu nauyi. Da an fito, musu ya tashi.

"Babu kamar Tyson!" in ji Jaji. "Kafin ka gyara zama ya kwantar da mutum. Turmin farko, shi ke nan!"

Zailani ya ce, "Haba! Kai dai ba ka san Muhammad Ali ba. Ka ga ƙafarsa kuwa? Kamar rawa yake. Ya jingina da igiya ya bar abokin karawarsa Foreman ya yi ta duka har ya gaji, sannan ya kayar da shi."

"To ai ya sha duka ke nan!"

"Amma wa ya ci?"

Haka za su yi ta yi har gida, muryoyinsu su dishe, gobe kuma su ɗora daga inda suka tsaya.

Da kaka ta yi, aka gama yankan dawa, yaran unguwa suka fara wasan dambe a masussuka da yamma. Kowa ya naɗe hannu ɗaya da tsohon ƙyalle mai laushi. Dokar ɗaya ce, irin ta manya. Idan gwiwarka ko hannunka ya taɓa ƙasa, an ce an kashe ka. Ba mutuwa ba ce, faɗuwa ce kawai. Daga nan wasa ya ƙare, babu mai ƙara taɓa ka.

Wata ranar Laraba, Jaji ya ce yau sai ya raba musun nan. Ya shiga ɗakin Baba a ɓoye, ya buɗe akwatin ƙarfe, ya ɗauko zaren damben Baba. Zare ne na gaske, mai kauri da kaushi. Ya naɗe hannunsa da shi tam, ya rufe da ƙyalle don kada a gani.

A fage ya buga ƙirji. "Ni ne Tyson! Ina Ali? Ya fito!"

Zailani ya fito yana dariya. Jaji ya kai duka, Zailani ya goce. Ya sake kaiwa, ya sake gocewa, har da ɗan rausaya. Yara suka fashe da dariya. Jaji ya ji kunya, kunyar ta koma fushi.

Can sai Zailani ya taka karan dawa, ya zame, gwiwarsa ta taɓa ƙasa.

Yara suka ɗauki ihu, "An kashe! An kashe!"

Jaji ya ji su sarai. Amma bai tsaya ba. Ya ɗirka wa Zailani naushi a baki yana durƙushe.

Wuri ya yi tsit. Leɓen Zailani ya fashe, jini ya zubo masa a riga. Bai yi kuka ba. Ya dubi Jaji kawai, ya tashi ya tafi. Jaji ya ɗaga hannu sama kamar yadda yake gani a bidiyo, amma ko mutum ɗaya bai tafa masa ba. Yara suka watse suka bar shi shi kaɗai.

Washegari a aji, Zailani ya koma bencin baya. Malama Hindatu ta lura.

Ta ce, "Jaji, yau ina abokin zamanka?"

Jaji ya sunkuyar da kai. "Ya tashi, Malama."

"Haka kawai?"

Jaji ya ci gaba da kallon littafinsa. Da aka fita tara, ya sayi fura shi kaɗai. Ya kurɓa sau biyu ya ajiye, ta ƙi yi masa daɗi. Nan ya gane yana kewar abokinsa ƙwarai, kuma yana tsoron ya rasa shi har abada.

Ranar Juma'a Inna tana gyaran ɗaki ta ga zaren a ƙarƙashin katifar Jaji, da ɗigon jini a jiki. Ta nuna wa Baba.

Baba ya kira shi. "Wa ka daka da wannan?"

"Zailani ne, Baba."

"A tsaye yake?"

Jaji ya ce, "Gwiwarsa ta riga ta taɓa ƙasa."

Sai Baba ya miƙo masa hantar Juma'a a ƙunshe.

"Riƙe. Yau tare za mu je."

Suka kama hanya. Baba ya ce, "Ka san me ya sa nake aika hantar nan?"

"A'a, Baba."

"Wata shekara aka yi babban dambe a Taura. Lokacin ina tashe, makaɗa suna ta wasa ni. Na shiga fage da wani saurayi manomi. Ya sa mini hannu ɗaya, sai ga ni a ƙasa."

Jaji ya zaro ido. "Kai, Baba? An taɓa kayar da kai?"

Baba ya yi dariya. "Wa aka ce maka ba a taɓa kayarwa ba? Tyson ɗinka ma an kayar da shi, Ali ma haka. Ina ƙasa ina ganin hannunsa a sama, ya riga ya ɗago zai ƙara. Sai ya tsayar da shi. Ya kamo ni da ɗaya hannun ya tashe ni, ya kakkaɓe mini ƙasa a gaban jama'a. Saurayin nan shi ne Albarka."

Jaji ya tsaya cak a hanya.

Baba ya ce, "Na kayar da mutane da yawa, na ma manta sunayensu. Amma shi ban manta ba."

Suka tarar da Baba Albarka a zaure yana tsince dabino. Zailani yana gefensa, leɓensa a kumbure. Jaji ya durƙusa ya gaishe da Baba Albarka, sannan ya juya wajen abokinsa. Hawaye suka zubo masa.

"Zailani, ka yafe mini. Na ji ana cewa an kashe, amma na ƙara maka. Kuma zaren Baba na ɗaura, ba ƙyalle ba."

Zailani ya dubi mahaifinsa.

Baba Albarka ya ce, "Ni kake kallo? Ba leɓena aka fasa ba. Ga shi nan a durƙushe, gwiwarsa a ƙasa. Kai ka san abin da ake yi."

Zailani ya tashi a hankali. Ya miƙa hannu, ya kamo Jaji ya tashe shi. Har da kakkaɓe masa wando.

Ya ce, "Na yafe. Amma fa Ali ya fi Tyson."

Manya suka tuntsire da dariya. Jaji ya share hawaye ya ce, "Baba, ku raba mana. Wa ya fi?"

Baba ya ce, "Tyson Allah Ya ba shi ƙarfin hannu, wannan babu musu. Ali kuma ƙafa da haƙuri da dabara. Ni ban shiga fage da ko ɗayansu ba. Amma ka lura, Ali ya bar dambe tun ba a haife ku ba, ga shi har yau kuna faɗa a kansa a Dutse. Ƙarfi yana ƙarewa, Jaji. Halin da ka nuna a fage shi mutane suke riƙewa."

Baba Albarka ya ciko hannu da dabino ya raba musu. Zailani ya kasa tauna sosai saboda leɓensa, sai Jaji ya riƙa cire masa ƙwallon yana ba shi masu laushi.

Bayan leɓen ya warke, suka sake karawa a masussuka, kowa da ƙyallensa mai laushi. Zailani ya sake zamewa, gwiwarsa ta taɓa ƙasa. Hannun Jaji yana sama. Yara suka riƙe numfashi.

Jaji ya sauke hannun, ya miƙa ɗayan ya tashe abokinsa. Ranar aka tafa masa har tsuntsaye suka tashi daga kan dabino.

Musun Ali da Tyson dai bai ƙare ba, sun kai shi har aji shida. Amma Jaji ya koyi darasinsa: gwanin gaske ba ya dukan wanda ya faɗi, tashe shi yake yi.