Zanen da Ke Jakar Uwaisu

"Na wace ce?"

Atika ta ɗaga zanen sama. Atamfa ce ruwan ƙwai, sai ƙamshin turaren mata take yi. Daga jakar da ke bayan keken Uwaisu ta zaro ta, nan bakin ƙofar kamfanin alewa na Bompai inda take aiki, ya zo ganinta, ma'aikata na ta fitowa bayan an busa tashi.

"Da kai nake, Uwaisu!"

"Haba masoyiyata, don Allah rage murya..."

"Kada ka ƙara ce min masoyiyarka! Ga ɗankwali, ga 'yan kunne, har da kwalli! Ba ka da ƙanwa a Kano, mahaifiyarka tana Gumel. To wace ce?"

Ya sunkuyar da kai, yana murza kan keken.

"Na yi rantsuwa, Atika. Ki yi haƙuri zuwa Juma'a."

Rantsuwa! Wallahi ji ta yi kamar an watsa mata ruwan zafi. Ta jefa masa zanen a ƙirji ta wuce, tana hawaye har tashar mota.

Uwaisu a kamfanin fata na Challawa yake aiki, kuma yana cikin ƙungiyar wasan kwaikwayo ta ma'aikatan Sharada, Challawa da Bompai. Duk shekara bayan Babbar Sallah suke buɗe wasanninsu da na barkwanci, rabinsa magana rabinsa waƙa. Suna da wata al'ada: kowa sai ya rantse ba zai faɗa wa ko uwarsa wane ne zai fito a matsayin wa ba, sai ran buɗewa. Atika ta san da wannan. Amma ta san kuma babu mace a ƙungiyar, don wane uba ne zai bar 'yarsa ta hau dandamali?

To Ashafa ne ya hura wutar. Shi ne mai kula da layin su Atika a kamfani, shi ma ɗan ƙungiyar ne, ya taɓa cewa yana sonta ta ce a'a. Shi ya tare ta da safe, fuska kalar tausayi.

"Bana akwai mace a wasan. Ni dai ban ce komai ba... amma Uwaisu ke ɗauke da kayanta. In ya shiga ɗakin shiri, ƙofa yake rufewa."

Mugu! Ko ƙarya ɗaya bai yi ba.

A gida, Sharada, ta faɗa jikin mahaifiyarta tana kuka, sai ga mahaifinta Malam Isyaku ya shigo daga gona, ya ji duk abin da take faɗa. Dama can ba son haɗin yake ba.

"Na faɗa muku, mutumin da ke waƙa gaban jama'a ba shi da nauyi. Ran Asabar a mayar musu da kayan sa ranarsu."

"Baba, ku yi haƙuri, ban tabbatar ba..."

"Na gama magana."

Sai a lokacin ta ji tsoro. Tana son Uwaisu, so mai ciwo, ga shi da bakinta ta kai ƙararsa.

Ran Juma'a bayan la'asar ta yafa mayafi ta ja ƙawarta Ladidi zuwa zauren cin abinci na wata masaƙa a Bompai, inda aka jera bencina aka rataya labule don wasan.

"Ke dai ki nuna min ita kawai," in ji Ladidi. "Yau sai na ga mai ƙwace wa mutane maza."

Suna zama Atika ta daskare. Can gaba ga Malam Isyaku, Ashafa na gefensa yana ta rawar jiki yana gyara masa wurin zama.

"Na shiga uku! Me ya kawo Baba nan?"

Aka buga kalangu, aka yaye labule. Wasan na wata Gwaggo Tabawa ce, mai tuwon ƙofar kamfani, wadda ta hana kowa auren 'yarta sai wanda ya iya cinye malmala goma. Masu neman aure suka fito suna waƙa suna shafa ciki, zauren ya ɗauki dariya.

Sai ga Gwaggo Tabawa nan, tana juya ƙugu, riƙe da muciya.

Atamfa ruwan ƙwai!

"Ita ce," Atika ta ce. "Zanen ke nan."

"Wannan? Tab! Dubi ƙafa kamar ta ɗan dako. Me ya gani a jikinta?"

Gwaggo Tabawa ta ɗaga muciya ta rangaɗa waƙa da siririyar murya, tana zagin surukai. Mutane har da faɗowa daga benci. Atika kuwa hannun da ke riƙe da muciyar ta ƙura wa ido. A bayansa akwai tabo, dogo, irin wanda injin sassaƙar fata ya yi wa wani bawan Allah bara, ita da kanta ta riƙa aika masa man shafawa.

"Ladidi..."

"Mene ne?"

"Uwaisu ne."

Ba ta rufe baki ba Ashafa ya miƙe, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Malam, ga wanda za ku ba 'yarku nan! Da zane da kwalli!"

Kalangu ya tsaya. Zauren ya yi tsit.

Uwaisu ya ajiye muciya, ya zame ɗankwalin, ya sauko ya durƙusa gaban Malam Isyaku. Gumi ya kwaso kwallin har kumatu.

"Baba, ni ne. Babu mace a cikinmu, muryata ce ta dace, aka ɗora min. Na yi rantsuwa, shi ya sa na yi shiru."

Malam ya haɗe fuska. Atika ta san wannan fuskar, bayanta ba a gyara. Ba ta san lokacin da ta ratsa bencinan ba, ta zube gefen Uwaisu.

"Baba, ku gafarce ni. Ni na zarge shi, kuma babu wata mace. Na yi masa tijara gaban mutane, ya haɗiye. Ina sonsa, Baba... wallahi ina sonsa."

Ta faɗa a gaban ubanta! Ladidi ta rufe fuska don kunya.

Malam Isyaku ya juya a hankali ya dubi Ashafa.

"Kai ma cikinsu kake?"

"E, Malam."

"Ka yi rantsuwar?"

"Ai... ai kowa ya yi."

"Amma tun jiya ka zo har gona ka faɗa min abin da zan gani."

Wani daga baya ya ja tsaki mai tsawo, wasu suka taya shi.

Malam ya dubi Uwaisu daga 'yan kunne har ƙafa. Gemunsa ya ɗan motsa, ya yi sauri ya yi gyaran murya.

"Ka san kana iya rasa ta?"

"Na sani, Baba. Ban yi barci ba tun ranar."

"Duk da haka ka riƙe bakinka." Ya gyara babbar rigarsa. "Ba na son shigar nan, kuma ba zan taɓa sonta ba. Amma kayan sa rana suna nan inda suke. Tashi ka ƙarasa, ka tara mutane."

Zauren ya kaure da tafi. Uwaisu ya miƙe, idanunsa sun kawo ruwa, ya ɗan karkato wajenta.

"Hasken idona, kin yafe min?"

"Ni ce mai neman yafiya," ta ce, tana dariya tana kuka. "Je ka, suna jira."

Ya hau, kalangu ya tashi. Malam Isyaku ya nufi ƙofa kamar mai tafiya gida, Atika na biye da shi. A bakin ƙofar ya ja ya tsaya, ya waiwaya.

"Ke, wai wa ya cinye tuwon a ƙarshe?"

"Ban sani ba, Baba."

"To matso min da bencin can."