Aljanun da Aka Ɗora wa Laifin Waya

"A gidan nan babu abin lantarki da ya taɓa gagarata," in ji Injiniya, yana buga ƙirji. Bai taɓa karatun injiniya ba. Direban motar kaya ne da ya ajiye tuƙi, shi ya raɗa wa kansa sunan, kuma duk layin sun san shi da tsokana.

Magariba ta kawo jiki. Haske ya fara janyewa daga tsakar gida, kaji sun shige akurki. 'Yarsa Auta tana zaune gaban kwamfuta a ɗakinta. A gefen kwamfutar an soka adafta, wani ɗan abu kamar akwatin ashana, wayar intanet ta shigo ta taga daga falo ta shige bayansa. Koren haskensa yana ƙiftawa. Mama ta zo ta ja taga saboda sauro. Hasken ya mutu.

"Baba, ya sake yankewa!"

Ranar Alhamis da magariba Auta za ta zauna jarrabawar ɗaukar aiki ta intanet. An gaya musu duk wanda layinsa ya yanke sau biyu ya fita ke nan. Shekara uku tana neman aiki.

Ta yi duk abin da ta sani. Ta sauya ramin da ake soka adaftar. Ta kashe kwamfuta ta kunna har yatsanta ya gaji. Ta goge manhajar adaftar ta sake sa ta. Ta hana kwamfutar yin barci. Ta sayo sabuwar adafta, Injiniya ya karɓe ya ce shi zai haɗa, ya juya mata baya, ya naɗe mahaɗar da baƙin salatif, wai saboda datti. Da rana komai lafiya lau. Rana na faɗuwa, sai ɗif.

"Ko wayar ce, Baba?"

"Wayar da na ja da hannuna? Ki iya bakinki."

Abin da bai faɗa ba shi ne, kwana goma da suka wuce ya lallaɓa ya zare wayar don ya ji ihun Auta ya yi dariya. Ɗan harshen robar da ke riƙe kan wayar ya karye a hannunsa. Ya jefa shi aljihu. Tun daga ranar kan wayar a sake yake, kuma duk lokacin da Mama ta rufe taga sai ta ɗan ja shi. Ya so ya sauya wayar a ɓoye, amma Auta ba ta barin ɗakin.

Da tambaya ta yi yawa, sai ya yi ƙasa da murya. "Abin da yake zuwa da magariba kawai, ku ma kun san ko su waye."

Don maganar ta zauna, washegari ya zaga bayan gida ya wurga tsakuwa uku kan kwano. Ƙwas. Ƙwas. Ƙwas. Mama ta kama salati. Daga ranar ta koma rufe taga da ƙarfi, har da sakata, layin kuwa ya ƙara lalacewa. Ya ce ta bar tagar a buɗe, ta ce ko da wuƙa a wuyanta.

Ranar Laraba, Auta tana tsakiyar gwajin jarrabawa koren hasken ya mutu. Ba ta yi ihu ba. Ta zauna tana kallon adaftar, duhu yana taruwa a kusurwoyin ɗakin. Can ta miƙe a hankali, ta fito tsakar gida, ta zube. Da ta buɗe ido, babu baƙi a cikinsu sai fari. Wata dariya mai kauri ta fito daga ƙirjinta, irin ta tsohon da ya daɗe bai yi magana ba.

Injiniya ya miƙe zumbur. Wannan ba ya cikin shirinsa.

Mama ta aika aka kira Malam mai ruƙiyya daga bayan layi. Kafin ya iso maƙwabta sun cika ƙofa, mata na leƙe ta kan katanga. Malam ya zauna kusa da kanta, ya yi karatu mai tsawo, muryarsa ba ta rawa. Auta ta sandare.

"Wane ne kai? Me yarinyar nan ta yi maka?"

"Ba ta yi mana komai ba," in ji muryar. "Ƙara muka kawo."

"Ƙarar wa?"

"Shekara talatin muna zaune bayan tankin ruwan gidan nan, ni da iyalina. Ko cokali ba mu taɓa ɗauka ba. Yau an wayi gari ana cewa mu ke yanke waya. Ina ruwanmu da waya? Kuma tsakuwar da ake wurgawa, ɗaya ta sauko ta fasa wa matata goshi."

Wata mata a kan katanga ta ce, "Wayyo, baiwar Allah."

Injiniya ya yi gyaran murya. "Malam, ai ka san su da ƙarya. A ƙona shi kawai."

Kan Auta ya juyo a hankali har fararen idanun suka tsaya a kansa. Ya ja baya ya taka bokiti.

"Fita za ka yi," in ji Malam, "ko in ci gaba da karatu."

"Zan fita, da sharaɗi biyu. A sayo wa yarinya sabuwar wayar intanet kafin azahar ɗin gobe. Sannan mai gidan nan ya zazzage aljihunsa na dama a gabanka."

"Waya kam za a saya. Aljihu kuma, wannan ai mai sauƙi ne." Malam ya ɗago kai. "Bismillah, Injiniya."

"Haba Malam, yanzu maganar aljani za ka bi ka bar tawa?"

"Baban Auta," Mama ta ce, muryarta a sanyaye, "zazzage."

Ya duba ƙofa, mutane sun toshe ta. Ya sa hannu, ya juyo aljihun waje. Tsakuwa huɗu suka zubo kan siminti, ragowar salatif ya gangara har gaban Malam, sai ɗan harshen robar ya faɗo a ƙarshe.

Auta ta yi atishawa sau uku, jikinta ya saki. Ta tashi zaune tana murza ido, ta tsinci robar, ta juya ta a tafin hannu. Injiniya ya ƙura mata ido yana neman alamar dariya a bakinta, bai samu ba, bai kuma tabbata babu ba.

"Baba," ta ce da muryarta ta kullum, "wannan ba na kan wayata ba ne?"

Mama ta durƙusa ta tsince tsakuwar ɗaya bayan ɗaya, ta auna su a hannu, ta dubi kwanon ɗaki, ta dube shi.

"Malam, kar ka tashi tukuna," ta ce. "Saura babban aljanin."