Fayil Ɗin Bayan Tasha

Ranar da ya fara ganinta, gwangwanin jan fenti ne a hannunsa. Ofishin tsara birni ne ya turo shi ya shafa alamar rusau a katangar wani lambu da ke bayan tasha. Ta ɗago daga cikin alayyahu, ta dube shi sama da ƙasa.

"Malam, in ka gama da katangar ka shafa wa tumatir ɗin nan ma, sun ƙi nuna."

Bai shafa komai ba. Ya koma ofis da ƙunshin latas, ya baro zuciyarsa a can. Matan lambun suka laƙaba masa Jan Fenti.

Shekara bakwai ita da mata goma sha biyu suna noma wannan fegi, wanda da juji ne. Rabin unguwa nan suke cefane. Da Jan Fenti ya fara neman aurenta, mahaifinta, tsohon direba, bai so zancen ba.

"Ɗan ofis? Yau murmushi, gobe katafila."

Shi kuwa ya ƙudura sai ya ƙaryata tsohon. Ai yana wurin taron da manya suka yi shelar birni zai ciyar da kansa, aka ci, aka sha, aka tafa. Ya tono fayil ɗin fegin daga ƙasan tarin takardu, ya karkaɗe, ya ɗora a teburin darakta don a ba matan izini. Ya aika mata: "Sanyin idona, ki saurari albishir."

Bai san mantuwa ce ta raya lambun nan ba. Darakta ya buɗe, ya ga fili a tsakiyar gari, ya tuna yana da suruki ɗan kwangila. Ran Talata katafila ta zo.

Amsarta gajeruwa ce: "Na ga albishir. Baba yana gaishe ka."

Bai ba da haƙuri ta waya ba. Kullum in ya tashi aiki sai ya je ya kwashi baƙar ƙasar da aka ture bakin kwata, ya ɗura a buhun siminti, ya haura da ita rufin benen da yake haya, hawa huɗu. Bayan mako uku ya rubuta: "Ƙasarki tana wurina, buhu sittin. Ban iya shuka ba."

Ta zo da mahaifinta. Tsohon ya iso sama yana haki, ya damƙi ƙasar ya sansana.

"Wawa ne," ya ce da 'yarsa, "amma yana ɗaukar kayan wautarsa da kansa."

Ta taɓa buhu ɗaya, ba ta dube shi ba. "Ka cika mata ruwa, Jan Fentina. Za ka ruɓar min da saiwa."

Bayan wata biyu aka ɗaura aure. Mata huɗu kawai rufin ya ɗauka. Sauran sun watse neman abin yi. Fegin yanzu wurin ajiye motoci ne.

Ranar auren, da tsohon zai tafi gida, ya dafa kawunansu. "Allah Ya yi muku albarka, Ya sa kada wani ofis ya tuna da rufin nan."