Motar da Ta Tuƙa Kanta a Gomari

Sufeto Dzarma yana cikin karin kumallo a ofis Kofur Taufiq ya faɗo ba sallama.

"Yallaɓai, an ce bam ya tashi a Gomari. Amma wanda ya bugo waya ya ce kankana ce kawai ta mutu."

Dzarma ya ture kofin shayinsa ya ɗauki hula. A shekarun nan ko murfin tukunya ne ya faɗi a Maiduguri sai an ce bam ne.

Da suka isa, sai suka tarar da wata tsohuwar akori-kura ta daki Keke Napep a gefen titi, kankana ta tarwatse ta yi jajir a kan kwalta. An riga an wuce da mai keken asibiti da karaya a hannu. A gindin wata bishiyar darbejiya kuma 'yan gora, samarin da ke gadin unguwa, sun ɗaure wani saurayi mai baƙin mai a riga.

"A kan sitiyari muka kama shi," in ji shugabansu. "Ɗan ƙunar baƙin wake ne. Mun kira sojoji, suna hanya."

Dzarma ya san abin da wannan ke nufi. Wanda aka kai bariki da wannan suna, danginsa sukan daɗe ba su ji ɗuriyarsa ba. Ya durƙusa gaban saurayin.

"Sunanka?"

"Ba'ana, yallaɓai. Facin taya nake yi a can bakin kwalbati."

"Me ya kai ka cikin motar mutane?"

"Na ji ƙara, na ɗago kai, sai na ga mota tana tahowa ƙofa a buɗe, babu kowa a ciki. Ta nufi kaskon ƙosan Ya Fanna. Na bi ta na ɗane, na murɗe sitiyarin."

"Birki fa?"

"Ban san wanne ne ba, yallaɓai. Ni taya na sani."

'Yan gora suka kwashe da dariya. Dzarma ya juya ga shugabansu.

"Kai ka ga lokacin da ya shiga?"

"A tsaye nake ƙyam, komai a idona aka yi. Tun daga nesa shi ke tuƙi."

Sufeto ya dubi gaban rigar shugaban, wadda taɓon kwata ya ɓata tun daga wuya har gwiwa.

"A tsaye a cikin kwata?"

Shugaban ya sosa ƙeya, ya ce daga baya ne ya miƙe.

Dzarma ya zagaya motar. Babu ƙauri, babu alamar wuta, gilasanta lafiya lau. Tayar baya ta hagu ce ta yage kaca-kaca. Ya shafa ta, ya ji ta suɗe sumul kamar tafin hannu, wayoyin cikinta duk sun leƙo.

"Ga bam ɗinku," ya ce wa Taufiq. "Suɗaɗɗiyar taya, lodi ya wuce kima, ga kwalta ta ɗau zafi. Saura mu san wanda ya ɗauko ta."

Ya Fanna mai ƙosai tana zaune a kan turmi tana fifita da gefen mayafinta.

"Wushe, Ya Fanna," Dzarma ya gaishe ta. "Me kika gani?"

"Wushe, ɗana. Na ga komai. Aljani ne, fari, dogo, da rawani."

"Daga ina kika hango shi?"

Ta rage murya. "Daga ƙarƙashin teburin mai shayi. Gaskiya ƙafafu kawai na gani. Wasu ƙafafu da farin wando sun wuce ni a guje, sun yi wajen filin jirgi. Aljanin yana haki sosai."

Dzarma ya bi titin baya a ƙafa, har inda baƙin zanen taya ya fara. A nan, cikin yashi, ya tsinci hula zanna mai tsada, aikin hannu, ta sha guga. Ya kaɗe ta ya cusa a aljihu.

Yana dawowa ya tarar da wani mutum mai tumbi cikin farar shadda yana ta faɗa. Taufiq ya ce Alhaji Bala ne, dillalin kankana, mai motar.

"Sufeto, wannan yaron ɓarawo ne. Da safe na ajiye mota a ƙofar gidana a Old Maiduguri, na shiga wanka, na fito babu ita. Yanzu aka gaya mini."

"Sannu, Alhaji. Me ya sami gwiwar hannunka?"

"A banɗaki na zame."

"Banɗakin naka da kwalta aka yi daɓensa?"

Alhaji ya ja hannun riga ya rufe. Dzarma ya ƙare wa kansa kallo. Wata 'yar ƙaramar hula ce ɗofane a tsakar kan, ta bar farin layi a goshi inda wata babba ta saba zama. Mutum irin Alhaji zai iya fita ba takalmi, amma ba zai tsaya gaban jama'a kai a buɗe ba, ko da ta aro ce.

"Hular nan ta matse ka."

"Wanki ne ya sa ta tsuke."

Daga nesa aka fara jin jiniyar motar sojoji. Ba'ana ya runtse ido, leɓɓansa suna motsi. Dzarma ya ja Alhaji gefe, ya dafa kafaɗarsa kamar tsohon aboki.

"Alhaji, Allah ya rufa maka asiri da ba ka ciki. Shaidu sun ce abin a gaba ya tashi, ta hannun dama, kuma ƙarar ba ta kai ta kawo ba. Wai kamar an fasa leda."

"Leda? Wa ya ce leda? Ta baya ne, ta hagu, sai da kujerar ta ɗaga ni sama. Har yanzu kunnena..."

Ya tsaya, baki buɗe.

"Daga banɗaki ka ji?" in ji Dzarma. Ya zaro hular da ya tsinta, ya cire wa Alhaji ta aron, ya ɗora masa ita. Ta zauna daram a kan farin layin.

Alhaji ya sulale ya zauna a kan wata kankana.

"Wallahi, Sufeto, na ɗauka an dasa mini ne. Daga garin Khaddamari na taso, ina sauri in riski kasuwa. Ina jin ƙarar ban san lokacin da na buɗe ƙofa ba. Sai da na kai gidan wani abokina na tuna motar tana tafiya."

"Tayar fa?"

"An daɗe ana ce mini in canza. Na ce bari kakar kankana ta wuce."

"Yaron kuma?"

Alhaji ya sunkuyar da kai. "Kunya ce. Ina zan sa kaina a ce Alhaji Bala ya gudu ya bar mota saboda taya?"

"Sai ka gwammace a kai ɗan mutane bariki."

Motar sojoji ta tsaya, wani saje ya diro da bindiga yana tambayar ina ɗan bam ɗin. Dzarma ya kai shi ya nuna masa tayar, ya yi masa bayani. Sajen ya dubi tayar, ya dubi Alhaji, ya girgiza kai. Ya zaɓi kankana ɗaya da ba ta fashe ba, suka juya.

Shugaban 'yan gora da kansa ya kwance Ba'ana, yana ba shi haƙuri ciki-ciki. Ba'ana ya zauna yana murza inda igiya ta ci shi. Ya Fanna ta zo ta dangwara masa kwanon ƙosai a cinya.

"Ci, ɗana. Daga yau ba ka saye a wurina. Amma ka je a nuna maka birki."

Dzarma ya karanto wa Alhaji laifukansa: tuƙin ganganci, jikkata mai keke, da ƙazafi. Taufiq ya saka masa ankwa ya kai shi motar 'yan sanda. Alhaji ya ɗaga ƙafa zai zauna a bakin ƙofa.

"A'a, ranka ya daɗe," in ji Taufiq. "Matsa tsakiya, nesa da ƙofa. Hanyar ofis akwai ramuka, kuma salansarmu takan yi harbi."