Kallon Hamada a Ɗakin Wankin Ƙoda

Ranar da Kafinta ya fara ganinta, yana goye da yayansa ne a matakalar asibiti, don lif ɗin ya daɗe da mutuwa. Ita kuma tana tsaye riƙe da hannun wani dattijo mai kumburarrun ƙafafu, ya kasa gaba ya kasa baya. Kafinta ya kai Yaya sama ya zaunar da shi, sannan ya dawo ya durƙusa a gaban dattijon.

"Baba, hau."

"Ni jariri ne?" in ji dattijon.

"A'a, Baba. Ni ne dai jakin wannan bene."

Yarinyar ta sa mayafi ta rufe baki tana dariya. Idanunta jajur suke, na wadda ba ta samun barci. Ya ji uban yana kiranta Auta, ya riƙe sunan.

Ɗakin wankin ƙoda dogo ne, mai warin magani. Kujeru a jere, kowace da na'urarta, jini na fita ta wani siririn tiyo yana dawowa ta wani. A nan marasa lafiya ke wuni, masu jinya na gefe a kan benci. Akwai talabijin a bango, amma eriyar ta lalace, sai faifai guda tak da wani ya manta. Tsohon fim ne, launinsa ya koɗe, farkonsa ya karce, babu wanda ya san sunansa ko yaren da ake yi a ciki. Wani mutum ne ya ƙwato budurwa daga hannun 'yan fashi, suka nausa hamada da raƙumi ɗaya da salkar ruwa ɗaya. Mutanen ɗakin suka raɗa masa Mai Rawani.

Su kuwa masu kallon, likita ya hana su shan ruwa sai ɗan abin da zai jiƙa maƙogwaro, don ƙodarsu ba ta fitar da shi. Saboda haka ba soyayyar suke kallo ba, salkar suke kallo. Duk sanda budurwar ta kai hannu, Mai Rawani ya fizge, ya ɗiga mata kaɗan a baki ya ɗaure, sai ɗakin ya kaure.

"Allah ya isa, mugu!" in ji wata Hajiya da ke kujerar bakin taga. "Ba ta ta sha mana!"

"Ku bar shi, ya san hamada," in ji wani tsohon soja.

"Ya san rowa dai," in ji Baban Auta.

Can gaba Mai Rawani yakan kwantar da budurwar a inuwar dutse, ya hau raƙumi ya tafi neman rijiya. Daidai nan faifan ke cijewa. Hoton ya daskare a kanta tana kallon yashi, Nas ta zo ta mayar da shi farko. Ba wanda ya taɓa ganin ƙarshen.

"Gudu ya yi," Baba yakan ce. "Duk wanda ya ce bari ya je ya dawo, ya tafi ke nan."

Daga baya Auta ta gaya wa Kafinta dalili. Babban wanta ya tafi wata ƙasa neman abin da za a yi wa Baba magani. Da farko yana kira, daga baya layinsa ya daina shiga.

A kan wannan benci suka saba. Kafinta ba mai yawan magana ba ne, sai dai ya matsa mata wuri, ko ya riƙe mata jaka in za ta gyara wa Baba filo. Ya ƙera wa Baba ɗan katakon ɗora ƙafa. Da ta ba shi lambarta, sai da ya goge saƙo ya sake rubutawa har yatsansa ya gaji.

"Autar Baba, ni ban yi karatu mai nisa ba, ban iya tsara zance ba. Amma da ina tsoron ranar asibiti, yanzu kuma jiranta nake. Allah ya yafe mini."

Ta amsa: "Mai goyona, ni ma haka. Kada ka gaya wa Nas."

Wata rana Auta ta sauka karɓo magani, Baba ya yafito Kafinta. Leɓensa ya bushe har ya tsage.

"Yaro, miƙo mini gorar can."

"Baba, ka sha na yau."

"Kurɓi ɗaya."

Kafinta ya san abin da ruwa ke yi wa Yaya in ya wuce ƙa'ida. Ya jiƙa auduga ya kai bakin Baba. Baba ya buge hannun.

"Ku ga Mai Rawani na biyu!" ya ce da ƙarfi. Ɗakin ya yi dariya, Kafinta ya sunkuyar da kai.

Da Auta ta kai wa Baba maganar aurensu, bai ko bari ta ƙarasa ba.

"Wanda ya hana ni ruwa ina roƙonsa, shi zan ba 'yata? Ga ɗan'uwanki nan mai tausayi."

Ɗan ƙanwar Baba yake nufi, mai shagon waya, wanda ke kawo su a mota yana satar kallon Auta ta madubi. Shi kam in Baba ya roƙa, sai ya faki ido ya zura masa gora mai sanyi a ƙarƙashin bargo, ya ce, "Sha abinka, Kawu, likitoci sun cika tsanani."

Auta ta ce wa Kafinta, tana share ido, "Ba zan auri kowa ba sai kai. Amma ba zan yi aure Baba na fushi ba. Kuma ka ga yadda jikinsa yake."

Ya gane abin da ba ta faɗa ba. Lokacin Baba ba shi da yawa.

Sai dai Yaya ne ya riga shi. Wata safiya Kafinta ya je tashinsa don su tafi asibiti, ya tarar jikin ya yi sanyi. Yaya ne ya raine shi tun rasuwar iyayensu, shi ya koya masa riƙe zarto. Bayan an gama zaman makoki, Kafinta ya rufe shago, ya shige ɗaki. Saƙonnin Auta na shigowa, yana karantawa, ya kasa amsawa. Ya taɓa zuwa har ƙofar asibiti, da warin maganin ya bugi hancinsa sai ya juya.

"Mai goyona, Allah ya jiƙan Yaya. Ka ci abinci kuwa?"

"Kujerarsa an ba wani yaro. Na kasa kallon wurin."

"Baba ya ce ka tafi neman rijiya. Na ce ƙarya ne. Kada ka ba ni kunya."

Ya kifa wayar a kan tabarma.

Makonni suka shuɗe, sannan wani saƙon ya zo.

"Ruwa ya taru wa Baba a ƙirji, da ƙyar aka ceto shi. Nas ta gano gorar a bargo, ta yi wa ɗan'uwana kaca-kaca. Ya yi fushi ya daina zuwa. Jiya a matakala muka zauna har masu shara suka taimaka. Ba zan ƙara damunka ba."

Kafinta ya daɗe yana kallon takalman Yaya a bakin ƙofa. Washegari ya yi wanka ya fita.

Ya same su a ƙasan matakala. Baba ya rame, sai ƙafafun da suka ƙara kumbura. Auta ta ɗago ta gan shi, ta kau da kai. Ya durƙusa a gaban Baba.

"Baba, hau."

"Wa ka kawo?" in ji Baba, muryarsa a shaƙe.

"Ba kowa."

"To me ya kawo ka?"

"Yau ranar wankinka ce."

Baba ya ɗora hannuwansa a kafaɗarsa. Bai kai nauyin Yaya ba. A tsakiyar matakala Baba ya ji hawayen Kafinta na ɗiga a hannunsa.

"Tsoro na ji, Baba," in ji Kafinta. "Na zo ƙofa na koma. Ban da wata hujja."

"Hau dai, kada ka kayar da ni."

A ɗakin, kujerar bakin taga ma wani ne a kai, Hajiya ta rasu. Tsohon soja ya ɗaga wa Kafinta hannun da babu allura. Fim na tafiya. Mai Rawani ya fizge salka, sabbin marasa lafiya suka hau tsine masa.

"Ku yi mana shiru," in ji Baba. "In ta shanye yau, gobe ta sha me?"

Soja ya ƙyalƙyale. "Ikon Allah! Yau kai ne lauyansa?"

Baba bai kula shi ba. Ya dubi Kafinta. "Ina audugar nan taka?"

Kafinta ya jiƙa ta, ya goga masa a leɓe a hankali. Faifan ya zo wurin da yake cijewa, ya cije. Wata matashiya cikin masu jinya ta ce bari ta ɗauki hoton ta bincika a waya, ƙila a samo ƙarshen, a huta da gardama.

"Ke dai nemo wa kanki," in ji Baba. "Ni na gani." Ya juya. "Auta, daina kukan nan. Kai kuma ka turo manyanka, kada ku tsaya jan ƙafa. Ina so a yi ina da ido."

A tsakar gidan Baba aka ɗaura auren, mutane kaɗan, Nas da tsohon soja na cikinsu. Baba na kan kujera, ƙafarsa a kan katakon da angon ya ƙera. Sau da yawa yana waiwayar ƙofa, amma babban ɗan bai shigo ba. Da aka shafa Fatiha, ya kama hannuwansu biyu ya haɗa.

"Allah ya yi muku albarka. Allah ya ba ku lafiyar da zai sa ku sha ruwa ku ƙoshi. In ɗayanku ya fita, Allah ya dawo da shi."

"Amin, Baba," suka ce.

Da baƙi suka watse, Auta ta raɗa wa Kafinta, "Mai goyona, gobe fa akwai asibiti."

"Na sani, sanyin idona," ya ce. "Da wuri za mu fita."